Walda a Kan Sarƙar Ɗaga Kaya Ba Dabara Ba Ce

'Yan uwa mazauna Borokiri, akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a garejojinmu da wuraren 'yan gwangwan, kuma dole a faɗa. Mutum zai sayi cen-bulok na hannu, an rubuta tan 1 a jikinsa, sarƙar ta tsinke, sai ya kai wa mai walda a haɗa, ko ya cusa bolti ya ɗaure da noti. Gobe ya rataya shi a jikin katakon rufin shago yana ɗaga injin jirgin ruwa ko babban janareta. Wai dabara!

Tan 1 kilo 1,000 ne, wato buhun siminti 20. Wannan lambar ita ce iyakar abin da sarƙar za ta ɗauka tana lafiya lau. Ƙarfenta gasa shi aka yi a masana'anta don ya yi ƙarfi, wutar walda kuwa tana lalata wannan gashin. Wurin da aka haɗa nan ne zai fara ɓallewa, ba tare da sallama ba. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe ta riga ta gaya maka an yi mata lodi fiye da kima. Buga ta da guduma ba ya dawo da ƙarfinta. Ga shi muna bakin ruwa, iskar gishiri na cin ƙarfe dare da rana. Dokar Masana'antu ta 1987 ma ta ce a duba sarƙa da ƙugiya duk wata 6.

Za ka ji maigida na cewa, "Malam, shekara nawa muna yi haka, komai na Allah ne." To, wa ke shiga ƙarƙashin injin? Ba kai ba ne, yaron shago ne, wanda iyayensa suka turo daga Arewa amana. Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya yi tawakkali. Kisan kuskure kuma akwai diyya da kaffara, mu duba Suratun Nisa'i aya ta 92.

Ni ɗan kasuwa ne, na san kuɗi sun yi wuya. Amma sarƙar da ta tsinke a sayar da ita a kilo, a sayi sabuwa daidai da injin. A rataya a ƙarfen da aka kafa don aikin. In kayan sun fi ƙarfin naka, ka yi hayar babba. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kayan da ke lilo.

Allah ya tsare mana yaranmu, amin.