Ƙarfe Nawa Za a Tashi Ɗan Shekara Biyar?

A watan Maris na 2023 gwamnan jihar Utah ta Amurka, Spencer Cox, ya sa hannu a wata doka da ta sauya yadda dubban gidaje ke tsara yininsu. Dokar, wadda ɗan majalisa Robert Spendlove ya gabatar, ta ware kimanin dala miliyan 60 a shekara domin yaran ajin share fage, wato 'yan shekara biyar da ke shirin shiga aji ɗaya na firamare, su riƙa yini a makaranta kamar yayyensu ba tare da an karɓi ko sisi daga iyayensu ba. Ta kuma gindaya sharaɗi: duk iyayen da suka fi son ɗansu ya yi rabin yini ya dawo gida, wajibi ne a ba su wannan dama. Daga nan aiki ya koma hannun gundumomin ilimi 41 na jihar, kowacce da makarantunta, da motocinta na ɗaukar ɗalibai, da nata ƙarancin azuzuwa.

Ba a daɗe ba aka ga abin da iyaye ke so. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, kimanin yaro ɗaya cikin uku ne ke yini a ajin share fage a Utah, alhali a faɗin Amurka adadin ya kai kusan takwas cikin goma. Da makarantu suka koma bayan hutun 2023, sai ga fiye da uku cikin huɗu na yaran jihar an rubuta su a tsarin yini guda. Babu wanda aka tilasta wa. Hasali ma shiga ajin share fage kansa ba dole ba ne a Utah, domin sai yaro ya kai shekara shida doka ke hawa kan iyayensa. Ashe da yawa daga cikin waɗanda aka daɗe ana cewa sun fi son rabin yini, rashin gurbi ne ya zaunar da su a kansa.

Akwai dalilin da ya sa aka daɗe ana faɗin hakan. Utah ce jihar da ta fi kowacce yawan ƙuruciya a Amurka, gidajenta sun fi na sauran jihohi cika da 'ya'ya, kuma cocin Mormon mai hedikwata a birnin Salt Lake City ya daɗe yana girmama matsayin uwar da ke zaune a gida tana tarbiyya. Amma akwai batun aljihu ma. Jihar tana sahun ƙarshe a ƙasar wajen kuɗin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi, kuma a lissafin kasafinta na da, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin cikakken ɗalibi ake ba makaranta a kan ɗan ajin share fage. Tun 2007, zamanin gwamna Jon Huntsman, aka fara wani ɗan shiri na ƙara sa'o'i ga yaran da aka ga suna baya, sai dai kuɗinsa bai taɓa isar kowa ba.

Rabin yini yana da arha ga gwamnati, kuma dalilin a fili yake. Ɗaki ɗaya ne, malama ɗaya, rukunin yara biyu: na safe su yi awa biyu da rabi ko uku su tafi, na rana su shigo su zauna a kujerun da na safe suka bari. Da zarar an ce kowa ya yini, sai an nemo ɗaki na biyu da malama ta biyu, a ƙara abincin rana, a samo mai lura da yara a filin wasa. Shi ya sa wasu gundumomin da makarantunsu suka cika maƙil ba su iya sauyawa gaba ɗaya a shekarar farko ba.

Kuɗin da gwamnati ke tsimi ta wannan hanya kuwa a wuyan iyali yake ƙarewa. Uwar da ke gyaran ɗakuna a otal, ko take tsaye a kanti, ko take kula da marasa lafiya a asibiti, ba ta da ikon ajiye aiki da ƙarfe sha ɗaya da rabi ta nufi ƙofar makaranta. Ko ta biya gidan reno, wanda a Amurka kuɗinsa kan yi gogayya da kuɗin haya, ko ta roƙi kaka ko maƙwabciya, ko ta haƙura da aikin. Kafin irin wannan uwa ta kai ga tunanin abin da ɗanta ya koya a aji, tambayar da ke gabanta kullum ita ce: wa zai ɗauko shi?

Colorado, maƙwabciyar Utah ta gabas, ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Kafin 2019 jihar tana biyan kaɗan fiye da rabin kuɗin yaro, gundumomi da dama kuma suka riƙa sayar wa iyaye ragowar yinin a kan ɗaruruwan daloli a wata. A irin waɗannan wurare, a makarantar gwamnati guda, ɗan mai hali yana aji har ƙarfe uku, ɗan wanda ya kasa biya an sallame shi kafin azahar. Jared Polis ya nemi kujerar gwamna da alkawarin kawar da wannan, kuma a shekararsa ta farko a kan mulki aka ware dala miliyan 175, aka hana makarantu karɓar kuɗin.

To, yini gudan yana ƙara wa yaro wani abu kuwa, ko reno ne kawai aka sauya wa suna? Ɗaya daga cikin binciken da suka fi ƙarfi a kan wannan ya fito ne daga jihar Indiana. A can, wasu gundumomi da ba su da isassun gurabe sun riƙa jefa ƙuri'a wajen raba su, abin da ya ba masaniyar tattalin arziki Chloe Gibbs damar kwatanta yaran da sa'a kaɗai ta bambanta. Ta gano cewa waɗanda suka yini sun zarce takwarorinsu a fannin karatu a ƙarshen shekara, kuma ribar ta fi yawa ga yaran da suka shigo a raunane da 'ya'yan iyalai masu asali daga Latin Amurka, waɗanda a gidajen da yawansu ba Turanci ake yi ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yaron da ya tashi da Hausa zalla ke zare ido ranar da aka fara yi masa darasi da Turanci ko Faransanci, zai gane abin da ƙarin awa uku a kullum ke yi wa irin wannan yaro.

Masu adawa ma suna da tasu hujjar. A 2010 Harris Cooper na jami'ar Duke da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi shekara da shekaru, suka ga lallai akwai rata a ƙarshen ajin share fage, amma kafin yara su gama aji uku ratar ta shafe. A ganin mai wannan shafi, laifin ya fi kusa da aji ɗaya da aji biyu, inda malama kan koma farko saboda waɗanda suka zo a baya, wanda ya zo da shirinsa kuma ya zauna yana maimaita abin da ya riga ya sani. Ban da haka, jarrabawar aji uku ba ta auna albashin da uwa ta ci gaba da karɓa, ko abincin ranar da yaron gidan talaka ya ci a makaranta shekara guda cur. Don haka Utah ta yi daidai da ta biya kuɗin, ta ma makara.

Inda aka kusa yin ɓarna shi ne wajen waɗanda suka zama 'yan tsiraru dare ɗaya. Iyayen da suka zaɓi rabin yini sun san abin da suke yi. Akwai yaron da ya cika shekara biyar ana gobe za a rufe rajista, wanda har yanzu barcin rana ke kwashe shi. Likitocin yara a Amurka suna ba da shawarar 'yan shekara uku zuwa biyar su samu barcin awa 10 zuwa 13 a kowane kwana. Akwai uwar da ke gida, tana karanta wa ɗanta littafi, tana kai shi laburare, yana wasa da ƙannensa a gabanta, wadda ta san cewa daga baɗi makaranta za ta karɓe shi na tsawon shekara goma sha biyu. Wannan uwa tana da haƙƙin ta ce a bar mata shi bana, kuma harajinta yana cikin kuɗin da ake gudanar da makarantar.

Abin da makarantu da yawa suka yi mata shi ne suka mai da dukkan azuzuwa na yini guda, suka ce in tana so ta zo da tsakar rana ta ɗauki nata. A takarda an cika doka. A aikace kuwa, yaron ne ke saɓa jaka yana fita yayin da abokansa ke layin cin abinci. Duk abin da aka tsara bayan azahar, zane ne, waƙa ce, kimiyya ce ko motsa jiki, ya wuce shi. Motar makaranta ta tsakar rana kuma a wurare da dama an soke ta. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san ƙarshen labarin: kwana kaɗan yaro zai fara kukan a bar shi da 'yan ajinsu, uwa kuma ta sallama. Kamar a miƙa wa baƙo tuwo ne a riƙe miya.

Koke-koken iyaye sun sa majalisar jihar ta koma kan batun a 2024. Gyaran da ta yi ya wajabta wa gundumomi su sanar da iyaye cewa rabin yini yana nan, su tabbatar muhimman darussa sun faɗo cikin sa'o'in da yaron ke makaranta, su kuma buɗe aji na musamman idan masu nema sun isa cika shi. Wannan ya ƙara wa shugabannin makarantu ciwon kai wajen tsara jadawali da raba malamai, amma ya zama dole. Gundumar da ta matsa wa iyaye har suka bar rabin yini don gajiya, ta maimaita abin da aka yi wa iyaye ma'aikata shekara da shekaru, ta sauya waɗanda abin ya shafa ne kawai.

Saura babbar tambaya, wadda lissafin kasafi ba ya amsawa: me za a zuba a cikin sa'o'in da aka ƙara? Friedrich Froebel, Bajamushen da ya assasa wannan nau'in aji a garin Bad Blankenburg a 1840, ya gina shi ne a kan wasa, da waƙa, da jera 'yan katakai, da shuka a lambu. Da wannan tsari Susan Blow ta buɗe na farko a makarantar gwamnati a Amurka, a birnin St. Louis, a 1873. Abin ya yi nisa da asalinsa tun daga lokacin. Daphna Bassok ta jami'ar Virginia da abokan aikinta sun kwatanta malaman 1998 da na 2010, suka ga waɗanda ke ganin ya kamata yaro ya iya karatu tun a ajin share fage sun tashi daga kashi 31 zuwa kashi 80 cikin ɗari, lokacin zane da kiɗa da wasan da yaro ya zaɓa da kansa kuma ya ragu. Idan yini guda na nufin ɗan shekara biyar ya shafe awa shida a kan kujera yana cike takardu, to uwar da ta zo da azahar ta ɗauke nata ta fi kowa gaskiya.

Lardin Ontario na Kanada ya bi wata hanya. Ya fara tsarin yini guda ga 'yan shekara huɗu da biyar a 2010, ya kai shi dukkan makarantu a 2014, ya sa manya biyu a aji, malamar makaranta da ƙwararriya a harkar renon ƙananan yara, ya kuma ɗora manhajar a kan koyo ta hanyar wasa. An soki tsarin saboda cunkoson wasu azuzuwa da tsadarsa. Duk da haka, Janette Pelletier ta jami'ar Toronto, wadda ta bi sawun yaran har aji biyu, ta same su gaba da 'yan rabin yini a karatu, da rubutu, da lissafi, da kuma iya kame kai da mai da hankali.

A ƙasar Hausa maganar tana nan, siffarta ce daban. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 2013 ta sanya shekara guda ta share fage cikin ilimin bai-ɗaya, Ghana kuma ta sanya shekara biyu cikin karatun kyauta kuma dole. Yaron Kano ko Maraɗi ya daɗe yana yini a gaban malamai, boko da safe, Islamiyya da yamma, wani ma har da allo bayan magariba. Yanzu makarantun kuɗi da dama a manyan birane sun haɗe boko da Islamiyya ko hadda a wuri guda, suna riƙe yara tun safe har la'asar, ciki har da ƙanana ƙwarai. Ga iyaye ma'aikata wannan sauƙi ne na gaske, kuma babu abin zargi a cikinsa.

Duk wanda zai kai ɗan shekara biyar irin wannan makaranta, ya nemi a nuna masa jadawalin yini kafin ya biya kuɗin zango. Ya tambayi yara nawa ne a aji da manya nawa ke tare da su, ƙarfe nawa ake cin abinci, ina yaro zai kwanta idan barci ya ɗauke shi, minti nawa ake ba shi ya fita ya yi gudu. Ya kuma tambaya ko zai iya ɗaukar ɗansa da azahar ba tare da ya rasa muhimmin darasi ba. Makarantar da ta kasa amsa waɗannan, bai kamata a damƙa mata yaro na yini guda ba.