Wa ke riƙe da linzamin na'urar da ke ƙirga mana kwanaki?

A ranar 29 ga Fabrairun 2012, tsarin Azure na kamfanin Microsoft ya durƙushe na tsawon sa'o'i a sassa da dama na duniya. Musabbabin abin kuwa bai taka kara ya karya ba: wata manhaja ce ta ɗauki kwanan watan ranar ta ƙara masa shekara ɗaya, sai ta samu 29 ga Fabrairun 2013, ranar da babu ita a kalanda.

Na tuno wannan ne ganin yadda kamfanoni ke rige-rigen ɗora ayyukansu a kan 'yan aiken ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ba su tsaya ga amsa tambaya ba, har aiwatarwa suke yi. Tun da kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP a Nuwamban 2024, haɗa irin wannan ɗan aike da ƙananan manhajoji ya yi sauƙi matuƙa, ciki har da mai lissafin kwanan wata. Da yawa na ganin wannan ba ta buƙatar tsaro, tun da ba ta taɓa kuɗi, ba ta goge komai. A nawa ganin, nan ne gizo ke saƙar.

Lissafin shi kansa ba ya cutarwa, amma amsarsa ce ke yanke ranar da bashi zai cika, da ranar da kwangila za ta ƙare. Idan aka ƙara wata ɗaya a kan 31 ga Janairu, wata manhaja za ta ce 28 ga Fabrairu, wata ta ce 3 ga Maris. Lauyoyinmu sun san nauyin kwana guda, domin sashe na 285 na Tsarin Mulkin 1999 kwana 21 kacal ya bayar a shigar da ƙarar zaɓe. Balle kuma kalandar Hijira, wadda shekararta kwana 354 ne ko 355, kuma a nan sanarwar Sarkin Musulmi kan ganin wata ake bi, wadda kan saɓa da jadawalin da ke cikin kwamfuta.

To, mene ne abin yi? Hana ɗan aiken amfani da manhajar ya fi muni, domin zai koma yin lissafin da ka, inda ya fi saurin kuskure. Kamata ya yi a kafa mai gadi tsakaninsu, wanda zai duba kowace buƙata kafin ta wuce: wane ɗan aike ne, da wace kalanda, da agogon wace ƙasa, kuma tazarar kwanakin ta yi daidai da aikinsa? Wanda aka ɗora wa tuna wa mutane ranar taro ba shi da hurumin lissafa wa'adin shari'a. Wannan ba sabon tunani ba ne. Tun 1975 Saltzer da Schroeder suka bayyana cewa kada a ba kowace manhaja izinin da ya wuce buƙatar aikinta.

Sannan a adana kowace tambaya da amsarta. A 2024 wata kotu a Kanada ta ɗora wa kamfanin Air Canada alhakin bayanin kuskure da manhajarsa ta hira ta bai wa wani fasinja, ta yi watsi da hujjar cewa manhajar cin gashin kanta take yi. Bankin da ɗan aikensa ya ci tarar abokin hulɗa kwana ɗaya kafin wa'adi, wannan rajistar ce alƙali zai nema.