Kafin Mu Sayar da Saniya Mu Sayi Kyamara



A ƴan shekarun nan babu ranar kasuwar da za ta wuce ba a tare mu da zancen kyamarar tsaro ba. Wani ya ce ya ga ana tallarta a WhatsApp, tana da ɗan faifan sola a ka, wai kana Yamai kana kallon garkenka a salula. Wani kuma ya ce ɗansa ya matsa masa ya sayar da ɗan maraƙi a ɗaura ta a ƙofar gida. Ba mu ga laifin kowa ba. Wanda ya san abin da mutanen Madarunfa, Gidan Rumji, Madawa da Ƙonni suka gani na satar bisashe tun wajejen 2019, ba zai yi wa mai neman dabara dariya ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma tun da an tambaye mu, za mu faɗi ra'ayinmu ba rufa-rufa: kyamara tana da amfani, sai dai amfaninta bai kai rabin abin da masu tallarta suke faɗi ba, kuma da yawa cikinmu muna zuba kuɗi a inda ba a nan ya kamata a zuba su ba.

Mu fara da wanda ba ya buƙatarta. Makiyayin da yake tashi da garke, yau yana nan, bayan sati biyu ya yi arewa, kada ya ɓata kuɗinsa. Kyamara tana son wuri ɗaya, da ƙofa ɗaya, da abin da za a kafa ta a kai. Ruga a fili ba ta da ƙofa, ɓarawo kuwa ta ko'ina yake shigowa. Haka nan mutanen da suka zo da dare a kan babura da bindigogi, ba su damu da ko an ɗauki hotonsu ba, fuskokinsu ma a naɗe suke da rawani. Kyamara ba ta taɓa mayar da irin waɗannan baya ba, kuma muna roƙon kada wani ya ga mutum a salula ya fita da sanda ya tare shi. Wannan aikin magabata ne, kuma ba za mu daina neman su da shi ba don an ƙirƙiro na'ura.

Inda take da rana shi ne wurin da bisashe suke kwana a killace: gidan mai kiwon turke da ya tara raguna yana jiran Babbar Salla, rumbun dusa da harawa, gidan dillali inda fatake ke sauka, sai kuma uwa uba kara, musamman wurin da ake loda wa mota. Ɓarawon irin waɗannan wurare ba ɗan daji ba ne. Galibi wanda ya san gida ne, ya san turken da babban rago yake, ya san lokacin da mai gadi yake gyangyaɗi. Shi wannan yana tsoron a gane shi, don gobe da safe tare za a sha shayi da shi.

To, idan mutum ya yanke shawarar saye, abin da zai fara lissafawa wuta ce, ba kyamara ba. Duk mun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba ƙasarmu, aka yi watanni ana fama. Ko ba wannan ba, kara nawa ne a ƙasar nan suke da wutar lantarki dare da rana? Ga lissafin a sauƙaƙe. Kyamara huɗu da akwatin da ke naɗar hotunansu suna cin kamar wat 40. A yini da kwana ya kama wat 960 ke nan. Batir mai amfiya 100 na bolt 12 yana ɗaukar wat 1200, amma irin na ruwan batir ba a shanye fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ashe batir ɗaya da ƙyar zai fitar da dare guda. Faifan sola mai wat 100 kuwa abin da yake bayarwa a yini bai wuce wat 400 zuwa 500 ba, saboda haka sai an haɗa na wat 250 ko 300 kafin a ce an tsaya da ƙafa. Mai sayarwa ba zai fara da wannan maganar ba, don ya san in ka ji kuɗin batir da faifai za ka rage yawan kyamarar. Mu kuwa abin da muke cewa ke nan: a rage. Gara biyu da ke aiki har asuba da guda shida da ke mutuwa ƙarfe biyun dare, daidai lokacin da ɓarawo yake fitowa.

Ƙananan nan masu ɗan faifan sola da batir a ciki, su ne suka fi arha, su ne kuma suka fi yaudarar masu bisashe. Ba sa ɗauka koyaushe. Barci suke yi, sai sun ji ɗumin jikin wani abu yana motsi a gabansu, kamar cikin mita 10, sannan su farka. An yi su ne don ƙofar gidan da ba kowa ke wucewa ba da dare. Ka juya ta ta kalli turke, sai kowace tunkiya da ta miƙe ta tashe ta, kafin tsakar dare batir ya ƙare, salularka kuma ta cika da saƙon ƙarya har ka gaji ka kashe. Mun ga haka da idonmu a gidan wani abokin sana'armu: hoton akuya ɗari biyu tana tuƙa, amma na daren da aka fitar da raguna biyu babu. Idan irin wannan ce ƙarfinka ya kai, a juya ta ta kalli ƙofa ko lungun da mutum zai bi, bisashe su zama a bayanta. A kuma yi mata ƴar inuwa, domin zafin watan Afrilu da Mayu, da yake haura digiri 40, yana cinye irin batirin da ke cikinta.

Sai maganar rezo. Mai kallon garke daga nesa sai da layi a cikin kyamarar, sai da mega, sai kuma rezo mai ƙarfi a wurin. Kowa ya san yadda rezo yake da zarar an bar bakin kwalta. Kuma abin da ya faru a Zamfara cikin watan Satumba na 2021, da hukuma ta rufe layukan salula gaba ɗaya saboda yaƙi da ƴan bindiga, ya isa ya nuna mana cewa daidai wurin da tsaro ya fi lalacewa nan ne rezo ya fi saurin ɓacewa. Don haka kada a sayi wadda ba ta da wurin sa katin memori. Kati mai giga 64 yana riƙe kamar kwana uku in ana ɗauka ba tsayawa, daga nan sabo ya hau kan tsoho ya shafe shi. Wanda aka yi wa sata ranar Litinin ya bari sai Juma'a zai duba, ya makara. A kuma yi hattara da katin jabu, wanda aka rubuta masa 128 alhali cikinsa bai kai 8 ba. A gwada shi a shago kafin a biya.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, wato wurin kafawa. Kowa so yake a ɗora ta can ƙololuwar sanda don ta ga ko'ina. Ta ga ko'ina ɗin, amma ba ta gane kowa ba. Kyamara ta yau da kullum, wadda ake rubuta wa 1080, ba ta fitar da fuskar da mai shari'a zai yarda da ita sai mutum yana cikin mita 4 ko 5. Bayan haka sai dai a ce ga wani dogo da farar riga, dogaye masu farar riga kuwa sun cika kasuwa. In an ɗaga ta sama da yawa, hula da rawani kawai za ta ɗauka. A kafa ta kamar mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa, a matse hanya yadda dole mai shiga ya bi ta gabanta, kada kuma ta fuskanci gabas ko yamma inda rana za ta kashe mata ido. Akwatin naɗi ko katin shi ne dukiyar, a ɓoye akwatin a ɗakin da ba a zato, a binne waya cikin bututu saboda ɓeraye da awaki, waɗanda ba su da abin da suka raina.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da mutanen birni. Da dare kyamara tana gani da wata fitila da idon mutum ba ya gani, hoton kuma baƙi da fari yake fita. Jar saniyar Bororo da ta Azawak duk toka-toka za su zama, jar akuyar Maraɗi ba a bambanta ta da baƙa. Mu kuwa da launi da ƙaho da shaida muke gane dabba. Maganinsa mai arha ne: fitilar sola mai farin haske a bakin ƙofa, sai hoton ya fito da launinsa, ita kanta fitilar ma tana korar mai ƙaramar zuciya. Fitilar kyamara tana jawo ƙwari, ƙwari su jawo gizo-gizo, ga ƙurar hunturu. A sa yaro ya riƙa goge gilashin da tsumma mai laushi duk sati, a goge faifan sola ma.

Tun da mun ambaci shaida, bari mu ɗan ratse. Abin da ya fi kowace kyamara arha yana cikin aljihunmu. Kowa ya ɗauki hoton kowace dabbarsa da salula, dama da hagu, da lalas ɗinta, da yankan kunnenta, shi kuma yana tsaye a gefe. Ya tura wa ɗan uwa guda ya ajiye. Ranar da aka tsinci saniyarka a wata kara mai nisa, wannan hoton ne zai yi maka magana gaban sarkin kara da jandarmomi, ba rantsuwa ba. Wannan ko dala ba ya ci.

Shi ya sa muke ganin kuɗin da ɗaiɗaikunmu ke kashewa a gidaje, da a kara aka haɗa shi da ya fi amfani. Dabbar sata ba ta da amfani ga ɓarawo sai ya sayar, kuma sai ta hau mota. Dillalai ashirin, kowa ya kawo jika biyar, an sami jika ɗari na farawa. A sa ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a wurin lodi yadda za ta ɗauki lambar mota, ko da sauran sai baɗi. Amfaninta biyu ne. Tana kama mai kawo kayan sata, tana kuma wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Mu nawa aka tsare, aka kwana a hannun hukuma, don kawai an ga Bafillace da sanda kusa da inda dabba ta ɓata? Dillalai nawa suka biya kuɗin saniyar da suka saya da gaskiya, don sun kasa nuna wanda ya kawo ta? Hoton ranar kasuwa, mai kwanan wata da lokaci, yana raba wannan gardama. Sai dai a tabbata agogon na'urar daidai yake, don hoton da ya nuna shekarar da ba ita ba, lauya zai yi watsi da shi cikin minti ɗaya.

Amma wa zai riƙe mabuɗi? Nan ne ake ɓatawa. Yawancin masu kafawa suna haɗa kyamarar da salularsu don gwaji, su tafi ba su cire ba. Ka biya kuɗinka, wani yana kallon lokacin da kake ƙirga kuɗin ciniki, da lokacin da gida ya zama ba namiji. Ba mu ce duk haka suke ba, amma kafin a sallami mai aiki, a sa ya goge kansa a gaban ido, a canza lambar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani. Ba ƙaramar magana ba ce: a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta ƙwace dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu a duniya, ba da wata dabara ba, sai don masu su sun bar lambar kamfani. A kara kuwa, kada mutum ɗaya ya riƙe. A ba uku: na dillalai, na makiyaya, da na sarkin kara, kuma ba a buɗewa sai biyu suna nan.

Haka kuma ba a juya kyamara ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa suke. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, amma ko babu doka, wannan abin kunya ne da zai haɗa ka faɗa da wanda shi ne zai fara kawo maka ɗauki in an yi ihu.

Abu na ƙarshe da muke roƙo shi ne a kan hoton da aka samu. Kada a watsa shi a WhatsApp ana cewa ga ɓarawo, ɗan gidan wane, ɗan ƙabila kaza. Hoton dare ba ya da tabbas, kama da wane kuwa ba ta wane ba ce. Mu da aka sha yi wa kuɗin goro saboda laifin mutum ɗaya, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin inda irin wannan saƙo yake ƙarewa: taron matasa da gora, da ruga tana cin wuta kafin gari ya waye. Ban da haka, dokar 2019 kan laifuffukan intanet tana hukunta ɓata suna ta salula, sai mai kuka ya koma wanda ake tuhuma. A cire katin, a kwafi hoton a ajiye wuri biyu, a sanar da ardo ko garso da sarkin kara, sannan a kai wa jandarmomi tare da hotunan dabbar da aka ɗauka tun tana gida, a kuma karɓi takardar shaidar cewa an kai ƙara.