Gafarar Mai Ƙuna Da Aikin Hukuma: Abin Dubawa Ga Ƙasar Zuru

Tun daga ran 7 ga watan Afril na 1994 har zuwa watan Yuli, watau cikin kwana 100 kacal, aka hallaka mutane wajen 800,000 a ƙasar Ruwanda, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Daga cikin waɗanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo akwai wata ɗalibar jami'a mai suna Immaculée Ilibagiza, 'yar ɗariƙar Katolika. Wani fasto, wanda shi kansa Bahutu ne, ya ɓoye ta tare da waɗansu mata 7 a cikin wani ɗan ƙuntataccen makewayi, suka kwana 91 a ciki, suna jin makasa suna kai da kawowa da adduna, har suna kiran sunanta. Ko da ta fito ta sami mafaka a sansanin sojan Faransa, sai ta tarar an kashe uwarta da ubanta da 'yan'uwanta maza 2.

Abin da ya sa labarinta ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda gafara ta yi mata wuya. A littafin da ta wallafa cikin 2006 ta bayyana cewa in tana karanta Addu'ar Ubangiji a maɓoyar nan, ta iso wurin da ake roƙon gafara bisa sharaɗin yafe wa waɗanda suka yi wa mutum laifi, sai bakinta ya ƙi faɗa, domin ta san ƙarya za ta yi wa Mahaliccinta. Sai da ta daɗe tana fama da zuciyarta tukuna. Daga baya ta je kurkuku, ta ga mutumin da ya shugabanci kisan danginta, ta ce ta yafe masa. A lura dai, a kurkuku ta same shi. Hukuma ta riga ta kama shi, kuma gafarar ba ta buɗe masa ƙofa ba.

To, Zuru ba Ruwanda ba ce, kuma ba daidai ba ne a kira abin da ke faruwa a can kisan ƙare dangi. Amma masarautar ta sha wuya a hannun ɓarayin daji. Cikin watan Yuni na 2021 'yan sanda suka ce an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu, sa'an nan a watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka mutu. Mutane da yawa sun bar gonakinsu sun fake a garuruwa. Ƙasa ce kuwa wadda ake samun Kirista da Musulmi da mai bin al'adar kakanni a gida guda, tukunya ɗaya. Haɗarin da ke gabanta shi ne a ɗora laifin ɓarawo a kan ƙabilarsa duka, alhali makiyayi mai gaskiya shi ma ana kwashe masa shanu.

A nan fastoci da limamai suke da aiki, amma sai sun yi hattara. Majami'a a Ruwanda ba ta fita da hannu mai tsabta ba. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure Fada Athanase Seromba saboda rushe majami'ar Nyange a kan waɗanda suka fake a ciki, har Paparoma Francis ya roƙi gafarar Allah cikin 2017 game da gazawar ikilisiya. Mai wa'azin da ya gaggauta ce wa matar da aka kashe wa miji ta yi haƙuri, tun ba a tambayi wanda ya kashe shi ba, rufe ciwo ya yi da ruɓa a ciki.

Ruwanda ta kafa kotunan gargajiya da ake kira gacaca, inda mai laifi ke tsayawa gaban mutanen ƙauyensu ya faɗi abin da ya aikata, ya nuna inda aka jefar da gawa. Sun saurari ƙararraki kusan miliyan 2 kafin a rufe su a 2012, ko da yake an zarge su da kurakurai masu yawa. Ma'aikatan Gwamnatin Jihar Kebbi suna iya somawa da abin da bai kai wannan wuya ba, watau rubuta sunan kowane mamaci da na ƙauyensa, Kirista ne ko Musulmi, Badakkare ne ko Bafillace, a ajiye a ofishin ƙaramar hukuma, domin ranar da za a gurfanar da wani gaban alƙali.