Ilmin Daidaita Aiki da Ma'aikaci: Wa Zai Auna Bayan Manominmu?

Duk ɗalibin da ya taɓa zama awa biyu a kan bencin ɗakin lacca, gwiwoyinsa na tokarar teburin gaba, ƙugunsa na zogi, ya riga ya ɗanɗani matsalar da wannan maƙala ke magana a kai, ko da bai san sunanta ba. Akwai fannin ilmi sukutum da aka keɓe don irin wannan, wanda Turawa ke kira Egonomik, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar aiki da ƙa'ida. Mu a nan za mu kira shi ilmin daidaita aiki da ma'aikaci, wato a ƙera kayan aiki da wurin aiki gwargwadon jikin mutum da hankalinsa.

Fannin ya kafu ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam a rundunar Amurka, Alphonse Chapanis, ya lura matuƙan jirgin B-17 kan naɗe tayoyin jirgi bayan sauka, alhali fiffike suke nufin gyarawa. Aka yi ta ɗora musu laifin sakaci. Shi kuwa ya gano maɓallan biyu kamarsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Da aka manna wa ɗayan 'yar tayar roba, ɗayan kuma aka ba shi siffar fiffike, sai kuskuren ya kau. Ashe laifin na maƙeri ne. A 1949 aka kafa ƙungiyar masana fannin a Ingila, a 1957 kuma ta Amurka.

Galibi a matakin digiri na biyu ake zama ƙwararre a wannan fanni. Jami'o'i irin su Lafbara da Notingam a Ingila sun daɗe suna koyar da shi, kuma sukan ɗauki masu digirin farko a injiniya, ko nazarin halayyar ɗan Adam, ko gashin ƙashi, ko aikin lafiya. Ɗalibi zai karanci ƙirar jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki, da awon jikin jama'a, da tasirin zafi da ƙara da haske, da yadda hankali ke gajiya har ya yi kuskure, sannan ya rubuta kundin bincike a kan wani wurin aiki na zahiri. Takardar digiri kaɗai ba ta isa ba. Sai ya yi wasu shekaru yana aiki kafin ƙungiyar masana ta yi masa rajista.

To, ra'ayina shi ne, tura ɗalibi ɗaya ko biyu ƙasar waje ba zai biya mana buƙata ba. Dalili kuwa, wannan ilmi a kan awo ya ginu, awon kuma na mutanen wurin ne. Ƙa'idar ita ce a ƙera abu yadda zai dace da kashi 90 cikin 100 na masu amfani da shi: tsawon ƙofa a auna shi da dogo, nisan maɓalli a auna shi da gajere. Amma dogon wace ƙasa? Alƙaluman da ke cikin manyan littattafan fannin akasari daga sojojin Amurka da ma'aikatan Turai aka ɗebo su. Haka nan awon nan na hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, wanda ya sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum zai ɗaga a yanayi mafi dacewa, bai san ɗan dakon da ke saɓa buhun hatsi a kasuwar Dawanau da tsakar rana ba.

Mu duba fartanya. A 1975 jihar Kalifoniya ta hana sa ma'aikatan gona noma da fartanya mai gajeruwar ƙota, saboda yadda take lalata baya. Mu kuwa da ita muka gaji noma, alhali a wasu sassan Jamhuriyar Nijar ana noma a tsaye da hauya mai doguwar ƙota. Shin bambancin ƙasa ne, rairayi da laka, ko kuwa sabo ne kawai? Wannan tambaya ce ta kundin digiri na biyu, kuma a gonakinmu za a amsa ta. Haka marinan Ƙofar Mata da ke yini a sunkuye a bakin karofi, da madinka, da mata masu daka.

Wani malami na iya cewa, me ya haɗa Sashen Hausa da wannan? Abin da ya haɗa su shi ne, rabin fannin magana ce ta fahimta. Gargaɗin da ke jikin kwalbar maganin feshi kayan aiki ne kamar ƙotar fartanya. Idan an rubuta shi da Turanci, da ƙananan haruffa, to bai dace da mai amfani da shi ba. Sannan mai bincike ba zai iya tambayar manomi ciwonsa ba sai ya san bambancin zogi da raɗaɗi da tsami da sagewa. Wa ya fi mu cancantar tsara waɗannan tambayoyi, da gwada ko fassarar gargaɗi ta shiga kunnen wanda aka yi dominsa, da boko ko da ajami?

Saboda haka ina roƙon malamanmu su tuntuɓi takwarorinsu na tsangayoyin injiniya da likitanci da noma a kan shirya digiri na biyu na haɗin gwiwa, a kuma bar ƙofa ga ɗalibin harshe da ya yarda ya koma ya koyi ƙididdiga da ilmin jiki. Kafin nan, ba abin da zai hana mai neman batun kundin digirin farko ya tattara kalmomin ciwon aiki daga bakin marina da maƙera da 'yan dako.