Wa ke biyan kuɗin "ka daure"?

A majami'un Birnin Ƙonni da Galmi ana yawan gaya wa matasa su ƙarfafa zuciya, su yi azumi, su kwana addu'a, jaraba za ta gudu. Ban ƙaryata ba. Lissafin abin da wannan shawara ke ci ne ban taɓa jin an yi daga kan bagade ba.

Ga saurayi mai bi, ɗan kabu-kabu a Ƙonni. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma bin daji tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya, abokansa suna samu a dare guda abin da yake nema kwana da kwanaki. Ya ƙi, don fasto ya ce haram ne. Madalla. Amma kuɗin aurensa ya ja baya, mahaifiyarsa tana kallon buhun hatsi yana ramewa, a tasha kuma ana ce masa wawa.

Na gonar albasar Galmi ya fi ba ni tausayi. Lokacin cira zafi kan wuce digiri 40. Na kusa da shi ya jefa tramol biyu a shayin safe, yana ta ɗinke buhu har la'asar bai ji komai ba. Shi da ya ƙi, ƙugunsa ya riƙe tun azahar, ladansa ya ragu. Sai kuma a ɗora masa azumin kwana uku a kan yunwar da ya riga ya saba da ita!

Mafi tsada ita ce kunya. Kiristocin Nijar 'yan kaɗan ne ƙwarai, har a Galmi inda mishan ta SIM ta buɗe asibiti tun 1950 kowa ya san gidan kowa. In aka koya wa mutum cewa faɗuwa raunin zuciya ce kawai, ranar da ya faɗi ba zai tunkari dattijo ba. Ya ga yadda aka sa wani a horo, aka hana shi jibin Ubangiji, labari ya riga shi isa kasuwa. Sai ya ɓoye, ya rage zuwa sujada, wata rana a nemi kujerarsa a ga wayam. A ƙauyukan Illela ta Tawa, inda mai bi kan yi tafiya kafin ya ga ɗan'uwa, ko mai cigiyarsa babu.

Bitrus ma ai zuciya gare shi. Ya yi alkawarin mutuwa tare da Yesu, kafin zakara ya yi cara ya musance shi sau uku, kuma nemansa aka yi aka maido shi.

Ina so dattawan ikilisiya su buɗe littafin baiko, su duba nawa aka kashe a lasifika da taron farkawa, nawa aka ba yaron da ya bar fasa-ƙwauri ya ja jari.