Zauren Uwargida: Ruwan Ramin Haƙa

Ranar Lahadi na je biki Gwaram, a hanyar dawowa Birnin Kudu na hango yara suna cika jarkoki a wani tsohon rami da masu haƙa suka bari. Wallahi gabana ya faɗi, don nan take na tuna Zamfara.

A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Maigida zai kawo dutsen zinariya gida, uwargida ta daka a tsakar gida, ƙurar ta bi abinci da rijiya, jariri na rarrafe yana kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa.

Shi ruwan rami kuwa, wani dutsen akwai farar wuta a jikinsa. Da ya sha iska da ruwa, sai ruwan ya koma kamar na batir, ya narko da guba daga dutsen, ka ga bakin ramin ja kamar tsatsa. Haka ramukan kwal na Inugu suka ɓata kogin Ekulu. Masana farar ƙasa suke zubawa ta kashe tsamin, amma wannan ba aikin madafi ba ne. Kada ki ce za ki tafasa, tafasa ba ta fitar da dalma.

In maigida mahaƙi ne, lallaɓa shi ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro.